Zuwa ga Gwamna Uba Sani: matan da ƙwaya ke maida su gidan yari

Assalamu alaikum Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Magana ce kan ƴan uwanmu mata da ke shiga gidan yari su fito su sake komawa, kuma in ka bi diddigi da yawansu ƙwaya ce silar, kodin ne ko tiramol ko roci, wata an kama ta da ita a jaka wata kuma wayar mutane ta ɗauke don ta samu na saye.

Ɗauri baya cire wannan abu daga jiki wallahi. Satin farko ba barci sai gumi da amai da ciwon gaɓoɓi tana kakkarwa ana cewa iskanci ne ko aljanu, ta daure ta gama wa'adinta a buɗe mata ƙofa, to ina zata? Miji ya aiko da takarda tun tana ciki, yara suna hannun kishiya, gidansu an ce ta ja musu abin kunya, ko wankau ba mai ɗaukarta, mutum ɗaya ne zai mata maraba har ya bata bashi, dila. Wata nawa ne sai ga ta gaban alƙali kuma.

Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, na 2018 ya nuna cikin masu shaye-shaye 4 a Najeriya 1 mace ce, amma a wuraren magani da ƙyar kake ganinsu, kunya da tsoron surutu sun hana, namiji ne ake cewa ƙuruciya ce zai bari.

Na san za a ce gidan yari na tarayya ne. To ai gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hannu a ciki, dokar 2019 da ta maida sunan gidan gyaran hali ma ta yarda da hukuncin da ba ɗauri ba. Ga KADSAMHSA, hukumar jiha mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, taku ce, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a cikin gari.

Roƙona a duba kowace mace ranar da aka shigar da ita, mai buƙatar magani a fara mata tun a ciki, ma'aikata mata su dinga zama da su, mai ƙaramin laifi kuma alƙali ya tura ta magani kai tsaye. Ranar fita kar a sallame ta da ledar kaya kawai, a haɗa ta da asibitin da zata ci gaba da zuwa da wata ma'aikaciya da zata dinga bibiyarta har gida, da ɗan jari ko na awara ne.

Allah ya taya riƙo.

Wata ƴar Tudun Wada, Kaduna