Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Ba da Shawara ga Ɗalibai

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran tsohon siton makarantarmu ta nan cikin birnin Katsina ya kammala aiki, an kuma miƙa mabuɗi ga malamar ba da shawara.

Mun tarar gara ta cinye katakon rufi, kwano ya huje, bangon gabas ya tsage. Kafinta ya sauya katako da kwano, magini ya toshe tsagar ya yi filasta da daɓen siminti, aka shafa fenti. Wannan bai ba mu wahala ba.

Ƙofa da taga ne suka jawo ja-in-ja, sai da malama ta zaunar da mu ta nuna mana aikin da za a yi a ɗakin. Tun shekarun 1960 likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka ya bayyana yadda karkataccen tunani ke tafiya tare da ciwon damuwa. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam Harold Leitenberg da abokan aikinsa suka fitar da takardar tambayoyi 24 don auna karkataccen tunanin a tsakanin yara da matasa, ita ce ɗalibai za su riƙa cikewa a ɗakin. Yaro zai karanta ɗan labari da tunanin da ya biyo baya, ya zaɓi ɗaya cikin matakai 5 na yadda ya yi kama da nasa. Iri huɗu ake nema: mai hango bala'i a ƙaramin abu, mai faɗuwa gwajin lissafi sau ɗaya ya ce shi ba zai taɓa cin komai ba, mai ɗora wa kansa laifi in ajinsu ya sha kashi a ƙwallo, da wadda malami ya yaba wa aikinta amma gyara guda kaɗai ta riƙe a rai.

To, wace yarinya ce za ta faɗi gaskiya ƙawayenta na leƙe? Shi ya sa muka ɗaga tagar sama. Wasu iyaye kuma, da gaskiyarsu, ba su yarda a rufe ɗaliba ruf a ɗaki ba. Sai mai walda ya sa gilashi a saman ƙofa: ana ganin mutum, ba a jin magana. Takardun amsa suna cikin kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo.

Malama ta jaddada cewa makin takardar ba hukuncin likita ba ne. Wanda abinsa ya yi nauyi, za a kira iyayensa a tura shi asibiti.

Saura fanka da sola, kuɗin bai kai ba, ga shi zafin bazara na tafe. Rasiɗan duk abin da aka saya suna wurin ma'aji ga mai son dubawa.