Ba waya ce matsalar mutumin Funtuwa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Amsar da baƙonku ya ba mutumin Funtuwa a shirinku na rediyo na ranar Asabar ce ta sa na rubuto, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Bawan Allah ya kashe katinsa ya bugo, ya faɗi damuwarsa dalla-dalla. Da lasifika biyu ya fara a falo, ya ƙara biyu a uwar ɗaki, biyu a tsakar gida, biyu a zaure, duk ya murɗe wayoyinsu wuri guda ya cusa a bayan amfilifaya ɗaya. Ya ce tun daga nan take yin zafin da hannu ba ya iya taɓa ta, in ya ɗan ƙara murya sai ta ɗauke ɗif, sai ta huce sannan ta dawo. Me aka ce masa? Wai wayarsa ce ba ta da inganci, ya je ya nemi irin ta waje, mai kauri, mai bakin zinariya. Mai gabatarwa ya ce masa to ka ji, aka sako talla.

Wallahi an bar jaki ana dukan taiki. Mutumin nan da bakinsa ya faɗi ciwon, baƙonku ne bai saurara ba, ko kuma ya saurara bai gane ba.

Kowace lasifika ka juya bayanta za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4. Wannan lamba ita ce turjiyar da take yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata. In ka haɗa biyu masu om 8, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar ta koma 4. In huɗu ne ta koma 2. Kuma duk sanda turjiya ta ragu da rabi, wutar da ake zuƙa daga amfilifaya sai ta ninka, ko da ba ka taɓa maɓallin murya ba. Shi na Funtuwa huɗu ne a hagu, huɗu a dama. Ke nan yana neman ninki huɗu na abin da lasifika ɗaya za ta ja a kowane ɓangare. Ita kuwa amfilifayar gida, kusa da inda ake sa waya akan rubuta iyakarta. Da yawa om 8 zuwa 16 ne, wasu daga 6, masu ƙwari su sauka zuwa 4. Ɗaukewar da tasa take yi ba lalacewa ba ce tukuna, na'urar kariya ce a cikinta take yanke wuta kafin taranzistoci, wato sassan da ke ƙara ƙarfin murya, su ƙone. Wannan kuma ba wani sirrin masu gyara ba ne. Lissafin Bajamushen nan Georg Ohm ne tun 1827, yana nan cikin littafin kimiyyar 'yan sakandare. Amma mutumin da kuka gabatar mana a matsayin ƙwararre har aka rufe shiri bai tambayi mai kiran om nawa aka rubuta a jikin kayansa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, shawarar tasa ƙara wa ciwon gishiri take yi. Siririyar wayar da mutumin ya ja har zaure tana da tata 'yar turjiyar, ita ce ma take ɗan rage wa amfilifayar nauyi. Ranar da ya cire ta ya sa mai kauri, wannan ɗan sassaucin ya tafi.

Ni gyaran rediyo da amfilifaya nake yi a Zariya, da shi nake ciyar da iyalina, kuma ba a rufa mako ba sai da shirinku ya iso shagona. Wani saurayi ne, ɗan maƙwabcin yayata, ya shigo da amfilifaya a cikin buhu da sabuwar waya nannaɗe a wuya. Shi ma ya ji shirin, shi ma haɗinsa irin na mutumin Funtuwa ne, sai dai shida gare shi. Ya ce Baba na sayi wayar da aka ce, na sa, na ƙure murya in ji bambanci, sai hayaƙi. Tasa tsohuwa ce, ba ta da waccan kariyar. Ina kwance murfin warin ƙuna ya bugi hancina. Taranzistocin ɓangaren hagu sun haɗe, na ɗora musu mitar gwajin wuta tana ta ƙara ta kowace ƙafa, 'yan fararen resistocin da ke gabansu ɗaya ta tsage biyu, allon kuma ya yi baƙi a wurin. Fiyus ɗin ma wani ya taɓa ɗaure shi da zaren waya, shi ya sa bai tsinke ya cece ta ba. Na ce miƙo wayar in gani. Daga waje ta kai kaurin yatsa, roba ce mai sheƙi ana hango ja a ciki. Na sa filaya na yanke. Roba ce zalla, abin da ke tsakiya bai kai tsinken tsintsiya uku ba. Na kankare sili ɗaya da reza, jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Na ƙyasta ashana na kara masa, nan take ya lanƙwashe ya marmashe, alhali jan ƙarfe na gaske sai dai ya yi baƙi ya tsaya da ƙarfinsa. Yaron nan ya zauna a kan benci ya rasa abin cewa. Kuɗin da ya tara na ɗinkin Sallah ne ya tafi a wayar, ga kuma kuɗin gyara yana jiransa.

Ba na cewa waya ba ta da muhimmanci. Tana da shi, amma abu uku ne kawai ake dubawa, wato kaurin ƙarfen da ke ciki, tsawon da za a ja, da ko jan ƙarfe ne na gaskiya. Wayar jan ƙarfe mai lambar kauri 2.5, irin wadda masu wayarin ke ja wa soket, turjiyarta kusan om 0.007 ce a kowace mita. In lasifikarka tana nesa da mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan, duka-duka wajen om 0.14. A gaban lasifika mai om 8 wannan bai kai kashi 2 cikin 100 ba, babu kunnen da zai ji shi. Cikin falo kuwa, inda bai wuce mita 4 ko 5 ba, mai 1.5 ta wadatar har da saura. Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ɗauki siririya mai 0.5 ya ja ta mita 20 zuwa zaure. Nan turjiyar ta doshi om ɗaya da rabi, murya ta ragu, bes, wato kaurin sautin, ya yi laushi. Alminiyam kuma wajen kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka in kaurinsu ɗaya, ga saurin karyewa a bakin sukuru. Duk wannan a shagon kayan wuta na unguwa za ka samu mai kyau, a auna maka da mita, ba sai an sa ta a kwali mai hoton turawa ba.

Shi kuma bakin zinariyar da aka yi ta yabo, sai ka ce shi ne ke gyara murya. A wajen ɗaukar wuta azurfa ce a gaba, sai jan ƙarfe, zinariya ta uku. Ana shafa ta a bakin fulogi ne don ba ta tsatsa, shi ke nan amfaninta. Wanda ya fere wayarsa da kyau, ya murɗe silin, ya ɗaure sukuru tam, ba abin da ya rasa. Da baƙonku ma ya ce wa mutane su duba kada su juya ja da baƙi a lasifika ɗaya, da ya yi musu amfani. In ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, bes ɗin cinye juna yake yi, mutum ya yi ta zagin kayansa a banza. Batirin tocila ɗaya ya isa gwaji. Ka taɓa wayoyin biyu a kansa da gindinsa, in takardar lasifikar ta turo waje, wayar da ke kan batirin ita ce ja.

Na san abin da wani zai ce, ai a masallacin Juma'a ana jera ƙahoni goma a kan amfilifaya ɗaya ba ta ƙone ba. Gaskiya ne, amma wancan tsari daban ne. Irin su TOA ta Japan da Ahuja ta Indiya suna da baki na musamman da aka rubuta 100V ko 70V, kuma kowane ƙaho yana da 'yar taransifomarsa da ake zaɓar wat nawa zai ja. A can wat ake tarawa, a tabbatar jimillar ba ta wuce ƙarfin amfilifayar ba, kuma shi ya sa ake iya jan waya mai nisa har kan hasumiya. Amfilifayar falo ba ta da wannan bakin. Kuma na sha ganin kwamitin masallaci sun sayi ƙahonin da ba su da taransifoma sun ɗaura a bakin 100V, koyil ɗin cikin ƙahon ya ƙone tun kafin a idar da kiran salla. Irin wannan bayanin ne mutanenmu ke buƙata a rediyo, don kusan kowace unguwa akwai wanda aka ɗora wa kula da na'urar masallaci ba tare da an koya masa komai ba.

Maganin mutumin Funtuwa bai kai kuɗin katin da ya kashe ba. In lasifikun nasa iri ɗaya ne masu om 8, a kowane ɓangare ya jera biyu a sarƙe, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, su zama 16. Ya yi wa sauran biyun haka. Sannan ya haɗa jerin biyu ja da ja, baƙi da baƙi, su dawo om 8 cif. Amfilifayarsa za ta huce, sai dai kowace lasifika murya za ta ɗan ragu tunda raba ƙarfin suke yi. In ba ya son haka, ya cire na zaure da na tsakar gida ya nema musu wata 'yar amfilifayar daban. Kuma in zai saya kada ya kalli wat 5000 da ake bugawa a kwali da manyan haruffa. Ya juya bayanta ya ga wutar da take ci daga soket. Wadda ke cin wat 60 ba ta da inda za ta samo 5000 ta ba shi.

Ina roƙonka, Malam Edita, lambar mutumin nan tana wurinku tunda shi ya kira. A neme shi kafin tasa ta bi ta yaron nan. Kuma a gyara maganar a cikin shirin, a daidai lokacin da aka yi ta, ba a shafinku na Facebook kawai ba, don yawancin masu sauraronku a ƙauye rediyon ce kaɗai gare su. In kuma baƙon naku yana da shagon sayar da waya, to a faɗa mana tun farko mu san talla muke ji.

Tunda na ambaci Facebook, akwai hoton da kuka sa na shirin gyaran mota, wanda ma'aikacinku yake kwance a ƙarƙashin Corolla yana murmushi, an cire tayar gaba, babu abin da ke riƙe da motar sai jak mai taya, irin na mai. Haba jama'a! Jak ɗagawa yake yi, ba a ba shi amanar rai. Abin da ke tsare man da ke cikinsa 'yar robar zobe ce, in ta tsufa ko wani yaro ya taɓa hannun sakin, mota mai nauyin fiye da tan 1 ce za ta sauko a ƙirjin mutum. Tan 2 ko 3 da aka rubuta a jikin jak ɗin ƙarfin ɗagawa ne kawai. Ana ɗagawa ne a sauke motar a kan ƙafafun ƙarfe masu fil, a kan daɓe mai ƙwari, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar don ko ta kwana. A hoton naku har na hango bulo a gefe, kuma na san abin da aka ajiye shi ya yi. Bulon siminti mai rami fashewa yake yi lokaci guda ba gargaɗi, gara guntun katako mai kauri. Ƙanina bakanike ne, ya kuma ce in faɗa muku ku daina barin masu kira suna cewa a zuba wa jak man birki in ya yi sanyi, don man birki cin robar yake yi, man haidurolik ake sa masa. Yara masu koyon aiki suna ganin shafinku. Don Allah a cire hoton nan.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Zariya.