Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya yi maka jagora, ni uba ne mai 'ya'ya a makarantar kwana. Ana ta maganar katanga da masu gadi da dakarun tsaron al'umma da ka ƙaddamar a 2023, kuma duk mun ga amfaninsu. Kukana a nan daban ne: idan musiba ta auka wa makaranta, wa zai sanar da iyaye, ta wace hanya, kuma cikin awa nawa?

Daren 11 ga Disamba, 2020, ɓarayin daji suka afka wa Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Gari na wayewa iyaye suka cika ƙofar makarantar. Yara da dama sun tsallake katanga sun bazu cikin jeji, wasu sun wuce gida kai tsaye, shi ya sa aka rasa wanda zai ce ga adadin waɗanda aka tafi da su. Gwamnatin jiha ta ce 333, wasu bakunan suka ce ba su kai haka ba, sai kuma ga muryar Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, yana cewa aikinsu ne. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Kwana shida cur, uba bai sani ba ko ɗansa na hannun ɓarayi ko ya ɓata a jeji. Wannan azaba ce ta biyu, kuma ita a hannun hukuma maganinta yake.

Duk inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke karɓe bakin magana. Kafin a gama rubuta sanarwa da Turanci, tsohon bidiyon wata jiha ya zagaye WhatsApp da Facebook, uwa a ƙauye ta riga ta yanke jiki ta faɗi.

Ranka ya daɗe, tushen gyaran shi ne rajista. A riƙa kiran suna kowane dare a ɗakunan kwana, a ajiye kwafin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu a ofishin ilimi na shiyya, domin rajistar da ke cikin makaranta kaɗai tana iya ƙonewa ko ta ɓace a hargitsi. Wanda ba shi da waya, a rubuta sunan mai unguwarsa.

Sai kuma shugaban makaranta, wanda shi na fi tausaya wa. Ma'aikacin gwamnati ne, ya san in ya buɗe baki ba da umarni ba takardar tuhuma na jiransa, don haka sai ya yi gum yana jiran izini daga Katsina, iyaye kuwa na bugun ƙofa. A ba shi izini a rubuce tun yanzu: ya kira jami'an tsaro, ya kira shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya faɗa wa iyaye abin da ya tabbata da abin da ake kan bincike. A matakin jiha kuma a tsayar da baki ɗaya, mutum ɗaya da zai riƙa magana da Hausa a gidan rediyon jiha a lokutan da kowa ya sani, ko da ba wani sabon labari. Rediyo na ce, domin a 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. Tsarin da ya dogara da waya kaɗai ba zai kai ga mutanen Faskari ko Sabuwa a irin wannan rana ba. Hakimai da dagatai da limaman Juma'a su ma a sa su ciki.

Ba harin 'yan bindiga kaɗai ba, gobara a ɗakin kwana ko ɓarkewar sanƙarau ko amai da gudawa duk hanya ɗaya suke buƙata. Haka rufe makarantu bagatatan: a sanar da iyaye tukuna, kada a saki yara su nufi tasha ba kuɗin mota.

Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu tun 2021. Roƙona ka umarci Ma'aikatar Ilimi ta mayar da wannan tsari na sanar da iyaye takarda guda da Hausa, a karanta wa iyaye a taron farko na zangon da ke tafe, a kuma yi gwajinta a kowace makarantar kwana.

Wassalam,
Wani uba daga birnin Katsina