Na karanta littattafan tsibirinka

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Kawunka da iyalinsa. Mu nan sai godiya, in ban da ƙafar Innarka da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu.

Ranar Asabar ɗakinka ya yi yoyo ta kusurwar nan da na daɗe ina cewa za a gyara. Muna kwashe kaya sai Ummi ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado, littattafan rubutu guda tara a ciki. Na san ba ka ba ni izini ba. Dare biyu na yi ina karanta su da tocila, kuma ba zan ba ka haƙuri a kan wannan ba, gidana ne.

Ashe Birnin Gauraka da nake jin kuna ambata da ƙannenka, ina ɗauka tatsuniya ce, har tsarin mulki gare shi. Tsibiri a tsakiyar teku, ganuwa ta murjani, majalisar matuƙa jirgi mutum 12, shugaba ana ce masa Sarkin Tasha, ya yi shekara bakwai ya sauka, ɗansa ba ya gadonsa har abada. Baitulmali daga gishiri da kuɗin sauke kaya. Ka ma jera sarakuna 31 da shekarunsu, da annobar da ta cinye rabin gari a zamanin na tara. Kai da iyakar ruwan da ka sani rafin Kubanni ne! Shekara 33 na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa samun ɗalibin da ya zauna ya yi irin wannan aiki ba, ga shi ashe yana kwana a bayan ɗakina.

Amma tun da malami ne ya karanta, dole ya ja jan biro. Mutanen nan naka me suke sha? Na bi littafi tara ban ga rijiya ko ɗaya ba. Singafo da na ga ka kwaikwaya, tun da ta rabu da Malesiya a 1965, duk arzikinta har yau tana sayen ruwa daga jihar Johor ta Malesiya, a kan yarjejeniyar 1962 da za ta kai 2061. Gari ba ya zama gari sai an san inda za a ɗebo ruwa. Sannan ka ɗauka hana gado shi ne maganin rigimar sarauta. Da ka tambaye ni da na zaunar da kai a kan namu na Zazzau: gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, masu zaɓe biyar, Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a da Limamin Kona. Marigayi Shehu Idris ya yi shekara 45, daga 1975 zuwa 2020, sannan sarauta ta koma Mallawa bayan shekara ɗari suna jira. Haƙurin jira ne ya riƙe mu, kuma shi ne ban gani ba a cikin majalisarka.

Ba wannan ya hana ni barci ba dai. Littafi na farko ne, inda ka rubuta yadda aka kafa birnin. Saurayi ya saɓa da mahaifinsa, wani dattijo mai taurin kai da ba ya sauraron kowa, ya shiga kwalekwale da dare, ya kafa gari, dokarsa ta farko kuma ita ce kada wanda ya sake ambaton sunan garin da aka baro. Har tabarau ka sa wa dattijon. Ni ba yaro ba ne, Abba.

Sai ga Kawunka ya bugo wa Innarka waya shekaranjiya, wai ka sayar da babur, wai an gan ka kana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ina roƙon Allah ya zama ƙarya. Amma tun daga lokacin ko na rufe ido sahara nake gani, da bayan a-kori-kura cike da samari kowa rungume da jarka. Ka ga bidiyon nan na 2017 da aka nuna ana gwanjon mutane a Libiya, a wayarka ma na gan shi, kai ka nuna mini. Bayan sahara kuma sai Bahar Rum, a kwalekwalen roba. Wanda ya mutu a nan, ana yi masa wanka a sallace shi, a san inda kabarinsa yake. Wanda teku ta ci fa? Me zan ce wa Innarka? Ina za ta dosa? Ta zauna tana jiran sallamarka a zaure har ta mutu?

Kuma a kan me? A kan maganar da na faɗa ranar sunan ɗan Ummi? Na faɗa, a gaban mutane, na kuma yaga abin da na yaga. Ina da dalili. Ka gama jami'a a Samaru shekara biyu, na samo maka hanya sau biyu ka ƙi zuwa, kana ɗaki kana zana taswirar ƙasar da babu ita, ƙannenka suna kallo. Ni a shekarunka ina ciyar da mutum shida da albashin da bai kai ya kawo ba. Uban da ya ga haka ya yi shiru ba uba ba ne. Idan har don wannan za ka jefa kanka ka jefa mu, to ka ci amanar tarbiyyar da aka yi maka, ka kuma ci amanar sunan da kake ɗauke da shi, wanda ko kiransa ba na iya yi.

Ka san tarihin Makau, Sarkin Zazzau na ƙarshe kafin jihadi. Da Malam Musa ya ci Zazzau lokacin jihadi, Makau ya fita da mutanensa zuwa Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ake kira Suleja yanzu. Korarsu aka yi da yaƙi, amma har gobe Sarkin Zazzau suke ce wa sarkinsu. Kai ba wanda ya kore ka. Harshe ne ya fi ƙarfina a ranar, kuma a gaban mutane bai kamata ba. Na faɗa ke nan, ba kuma zan maimaita ba.

Littattafan na shanya su a inuwa, na hana yara taɓawa. Na shida ne ruwa ya fi ci, shafuka kusan goma sun manne, daidai inda masu gishiri suka yi wa majalisa tawaye, ban san yadda aka ƙare ba. Wanda na yaga ma Ummi ta tsince shi tun a ranar, ta liƙe da gam ba da sanina ba. Motar Kano ba ta yankewa a Kwangila. Ka zo ranar Juma'a, ka faɗa mini da bakinka maganar Agadas ƙarya ce, sannan mu zauna mu samo wa mutanenka ruwan sha.

Innarka ta ce ka taho mata da man zafi irin na wancan karon.

Mahaifinka,
Zariya