Amsa ga ƙanena da aka ba takardar gargaɗi a wajen aiki

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga tambayar da ka yi mani a Facebook jiya da dare, cewa manajan gidan man da kake aiki ta wajen Ƙofar Ƙaura ya miƙo maka takardar gargaɗi kan latti sau uku, har da cewa za a yanke dubu 5 cikin albashinka, kai kuma ka ƙi amsarta daga hannunshi don kar a ce ka yarda da laifi, shin ka yi daidai? Tunda gaban jama'a ka tambaya, bari in ba ka amsa gaban jama'a.

Ba ka yi daidai ba. Gobe da sassafe ka koma ka amshi takardarka.

Na daɗe a ɓangaren kula da ma'aikata nan Katsina kafin in yi ritaya, na sha ganin mutum ya murtuke fuska ya ce shi ba ya amsar kweri, wato takardar tuhuma ta wajen aiki, sai masinja ya dawo kawai ya rubuta cikin littafinshi wane ya ƙi amsa, ya sa kwanan wata, a jefa takardar cikin fayil ɗinshi ita kaɗai ba bayaninshi kusa da ita, ranar da aka zauna maganar ƙarin girma ko sallama ita za a karanta, shi ko yana can yana rantsuwar da ba mai ji. Sa hannu shaida ce kawai ta takarda ta iso ka. In zuciyarka ba ta kwanta ba rubuta a ƙasa, na amsa, bayanina na tafe, ka sa kwanan wata.

Sai ka zauna ka rubuta amsa gajera, ba zagi ba habaici, ba kuma roƙon a dubi marayunka. Ranar kaza na makara saboda kaza. Inda ka yi laifi ka ce ka yi. Kar ka wuce awa 72 ba ka miƙa bayaninka ba, ko da ba su sa maka lokaci ba.

Maganar dubu 5 kuma daban ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 5, ta hana mai aiki yanke albashin ma'aikaci irinka da sunan tara. Ko asara ka jawo mashi sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Ka ambaci wannan cikin ladabi, layi ɗaya ya isa. In abu ya kai ga kora ba bisa ƙa'ida ba akwai kotun ma'aikata, tana da reshe a Kano, amma takarda suke dubawa, ba wallahi tallahi ba.

Don haka kafin ka miƙa amsar ka tsaya wajen mai fotokwafi, ka sa manaja ya sa hannu a taka kwafin, ka kai gida ka ba Hajiya ta aje maka cikin adaka. Lattin kuma, wannan tsakanina da kai ne, sai mun haɗu Juma'a.