Wasiƙa Daga Birnin Kebbi Kan Jiran Ganin Likita

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kamar yadda muke a nan. Saƙonka ya iso, na kuma karanta wa Inna wurin da ka tambayi jikinta. Ta ce in gaya maka jiki da sauƙi, tana kuma sa maka albarka.

Ka ba ni labarin gwiwarka, da yadda likitan unguwarku ya tura ka wurin ƙwararren likitan ƙashi, aka ba ka rana sai bayan watanni. Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. Ban ɗauki kukanka da wasa ba, domin na san hukumar lafiya ta Ingila ta ɗora wa kanta cewa kada mara lafiya ya wuce mako 18 tsakanin ranar da aka tura shi da ranar da za a fara masa magani, amma duk da haka jerin masu jira a can ya haura miliyan 7 da rabi a shekarar 2023. Sai dai akwai abu guda a cikin saƙonka da ya tsaya mini a rai, shi ne da ka ce takardar da suka aiko maka tana ɗauke da rana da kuma ƙarfe nawa za ka je, kuma idan an ɗage za a sanar da kai tun kafin ka bar gida. Wannan magana ce ta sa na zauna na rubuto maka, domin in nuna maka yadda lamarin yake a wurinmu yanzu, tunda ka daɗe rabonka da gida.

Ka san Inna tana fama da ciwon sukari da hawan jini, kuma ni ne mai kai ta wani babban asibiti duk lokacin da ranarta ta zagayo. A bayan katinta ake rubuta ranar dawowa. Rana kawai ake rubutawa, babu ƙarfe. Duk wanda aka ba wannan rana, ko mutum nawa ne, haka nasa katin yake, saboda haka kowa ya san wanda ya riga zuwa shi zai riga shiga, sai kowa ya yi sammako. Ana idar da sallar asuba za ka tarar da mutane sun jera katunansu a bakin tagar ɗakin kati, wani bisa wani, an danne da dutse don kada iska ta kwashe, alhali ma'aikacin da zai buɗe tagar bai ko baro gidansa ba. Idan an buɗe, sai a shiga neman fayil, a je a biya kuɗi a wata tagar, a dawo wurin nas ta auna jini da nauyi, sannan a zauna a kan benci. Wanda bai sami benci ba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, kunnensa na wajen ƙofa don kada a kira sunansa ya wuce shi, domin wanda aka kira bai amsa ba, katinsa ƙasa yake komawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin masu ciwon sukari. Gwajin da ake yi musu na safe yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba, don haka Inna ba ta karyawa kafin mu fita. Ina ɗauke da kunu a fulas da ƙosai a leda, ina kallonta tana zaune, hantsi yana ɗagawa, hannunta ya fara rawa, ita kuwa ba ta cewa komai sai jan carbi. Tsohuwar da likita da kansa ya hore ta da cin abinci a kan kari, ita ce tsarin asibiti yake tsare wa da yunwa. Sai an ɗebi jinin nake samun natsuwa in zuba mata kunun, daga nan kuma a koma jiran likita, wanda sau da yawa sai bayan azahar ake kai wa gare shi. Idan mun shiga, ganin ba ya wuce 'yan mintoci.

Mu ma da muke cikin gari muna da sauƙi. Wata rana na zauna kusa da wani dattijo da ya taho daga wajen Kamba da ɗansa, sun kwana a masallacin asibiti saboda kada gari ya waye musu a hanya. Yana riƙe da katinsa a cikin leda ya naɗe shi da kyau, ya sa a aljihun gaba. Can wajen sha ɗaya wata nas ta fito ta ce likitan ba zai samu zama ba yau, a kawo katuna a sake rubuta wata rana. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗansa, sannan ya dube ni ya ce, «Malam, tun jiya munka taho, kuɗin komawa kaɗai ag garemu.» Ka tuna tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin da talaka ba ya iya zuwa Birnin Kebbi sau biyu a kan magana ɗaya. Mutumin Yawuri ko Zuru ko Bagudo da ya bar gonarsa, ya ranci kuɗin mota, ya biya ɗan kabu-kabu daga tasha, idan aka ce masa ya dawo wani watan, Allah kaɗai ya san ko zai dawo. Waɗanda ke wajen Danko-Wasagu da maƙwabtanmu na Zamfara kuma suna da wani lissafin a kan wannan, domin dole su kama hanya da sauran rana saboda 'yan bindiga, ko an gan su ko ba a gan su ba.

Kada ka zaci ina ɗora wa likitoci laifi. Na daɗe ina zirga-zirga a wurin, na ga abin da suke ciki. Ƙwararren likita ɗaya shi ne zai fara zagaya marasa lafiyar da aka kwantar, shi za a kira idan an kawo wani a mawuyacin hali, shi ne mai koyar da ƙananan likitoci, sannan ya zo ya tarar da baranda cike da masu jiransa. Ranar da ya fasa zama, mai yiwuwa wani rai yake ƙoƙarin cetowa a wani ɗakin. Kuma yawancin sassan ƙwararru rana ɗaya ko biyu suke zama a mako, shi ya sa ranar da za a ba mutum take yin nisa tun farko. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar nan kimanin dubu 55 ne, ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma kimanin dubu 16 sun bar ƙasar a cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja, jihohi irin namu kuwa sai abin da ya samu. Ba zan yi mamaki ba idan wanda zai duba gwiwarka a can ɗan ƙasarmu ne da ya yi karatu a Sakkwato ko Zariya. Ba na ganin baƙinsa. Mutum yana da iyali, yana kuma son ya yi aiki inda akwai wuta da kayan aiki da albashin da zai riƙe shi.

Ka kuma san tarihin alƙawuran da aka yi mana. A Abuja shugabannin Afirka suka taru a 2001 suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya, amma namu na tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi a riƙa ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Da ƙananan asibitocin gundumomi suna da ma'aikata da magani da na'urar gwaji, babu dalilin da zai sa mai hawan jinin da maganinsa ya karɓe shi ya yi tattaki zuwa babban birnin jiha don a auna shi a sabunta masa takardar magani. Rashin wannan ne yake tura kowa, mai ƙaramin ciwo da mai babba, zuwa baranda guda. Ga kuma yajin aiki. Wanda likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga a watan Agusta na 2021 sai da ya kai watan Oktoba, kuma duk wanda ranarsa ta faɗo a wannan tsakanin, sai dai ya sake bin layin neman wata.

Duk wannan gaskiya ne, kuma gyaransa sai gwamnati, sai kuɗi, sai shekaru. Amma ni abin da ya dame ni shi ne, a cikin wahalar nan akwai kason da ba ƙarancin likita ne ya kawo shi ba. Idan likita zai iya ganin mutum arba'in a yini, arba'in ɗin zai gani, ko sun zo gaba ɗaya da asuba ko sun zo kashi-kashi. Tara su tun da duku-duku ba ya ƙara wa likita sauri ko kaɗan, sai dai ya ƙara wa na ƙarshe awa shida ko bakwai na zaman banza. Kai ma ka san lissafi na koyar har na ajiye aiki, kuma wannan ba sabuwar magana ba ce a fagen. Tun a 1952 wani masani a can ƙasar da kake, Norman Bailey, ya yi nazarin layin marasa lafiya a asibitoci, ya nuna cewa idan aka kira mutum biyu a farkon zama, sauran kuma aka rarraba su gwargwadon matsakaicin lokacin da ganin mutum ɗaya yake ci, jiran marasa lafiya zai ragu ƙwarai ba tare da likita ya zauna hannu rabbana ba. Mu ba ma sai mun kai can ba. Ya isa a rubuta wa wasu ƙarfe takwas, wasu goma, wasu sha biyu, a sa masu gwajin sukari da waɗanda suka taho daga nesa a rukunin farko. Biron da ya rubuta ranar shi ne zai rubuta ƙarfen.

Na taɓa tayar da wannan magana da wani ma'aikacin ɗakin kati da muka saba, ya ce mutanenmu ba sa kiyaye lokaci, ko an rubuta musu sha biyu da asuba za su zo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma ina ganin ya juya dalilin. Mutane suna sammako ne saboda an koya musu cewa wanda bai yi sammako ba ba za a gan shi ba. Mutumin da ke tsayuwa a sahu sau biyar a rana a kan kari, wanda kuma ba ya barin motar kasuwar Jega ta tashi ta bar shi, ba za a ce bai san lokaci ba. Idan ya gwada sau ɗaya, sau biyu, ya ga wanda aka ba sha biyu ana kiransa kusa da sha biyu, kuma ba a shigar da ɗan wane ko mai takardar wane a gabansa, da kansa zai daina kwana a masallacin asibiti. Wannan shigar da na-gida ta bayan fage ma babban abu ne, domin ita ce take kashe wa mutane yarda da duk wani tsari da za a kawo.

Haka batun sanarwa. Yau da wuya ka sami gidan da babu waya, ko ta ɗa ko ta maƙwabci, kuma ana karɓar lambar waya tun ranar da aka yanki kati. Idan an san tun jiya cewa likita ba zai zauna ba, saƙo ɗaya zai hana dattijon Kamba barin gida. Idan kuma da safen nan uzurin ya taso, to a fito da wuri a gaya wa mutane gaskiya, a ce likita yana ɗakin tiyata, sai ƙarfe kaza, mai son ya je ya karya ya je ya dawo. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne, kuma ranar da asibiti ya rubuta a bayan kati alƙawari ne ya ɗauka, kamar yadda mara lafiya ya ɗauki nasa na zuwa. Takardar haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta yi maganar haƙƙin samun bayani da na mutuntawa, kuma ban ga inda waɗannan biyun suka fi bukatuwa ba kamar a kan bencin nan.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne na ga inda take ƙarewa. Hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum ya sha wahalar yini guda a asibiti, aka ce ya je gwaji, sakamako sai wata rana, ganin likita da sakamakon kuma sai wata ranar daban, shi kuwa yana jin jikinsa garau. Sai ya yanke shawarar ya riƙa sayen maganin a kemis da tsohuwar takarda, daga baya idan aljihu ya yi sanyi ya bari gaba ɗaya, ko ya koma ga jiƙe-jiƙe. Ba a sake ganinsa sai ranar da aka ɗauko shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. A unguwarmu kaɗai na san gidajen da wannan ya faru, kuma a kowanne idan ka bincika za ka tarar da kati a cikin akwati, da ranar da aka rubuta ba a je ba.

Mu 'yan ƙungiyar tsofaffin malamai mun yi shawarar mu rubuta wa hukumar asibitin takarda cikin ladabi, mu roƙi a gwada raba lokaci a sashe guda, na masu sukari da hawan jini, na tsawon 'yan watanni, a ga abin da zai haifar. A nan nake neman taimakonka. Ka rubuto mini dalla-dalla yadda ake yi a wurinku: me ake rubutawa a takardar, kwana nawa kafin ranar ake tuna wa mutum, me ake yi wa wanda ya makara ko bai zo ba, kuma wa ke da alhakin sanarwa idan an ɗage. Ba duk abin da ya yi aiki a can ne zai yi a nan ba, amma ina so mu je musu da shawara a hannu, ba da kuka kaɗai ba.

Ka riƙa lallaɓa gwiwar kafin ranar taka ta zo, kada ka matsa mata da hawan bene, kuma ka sanar da ni abin da likitan ya ce. Inna da mai ɗakina da yara duk suna gaishe ku. Ka isar mini da gaisuwa wurin Hajiya da yara.

Wassalam.

Naka amini,
daga Birnin Kebbi.