Godiya ga Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga, Jos

Zuwa ga shugabanni, malamai da ɗaliban cibiyar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin abin da kuka yi mini ya wuce a ce na gode a bakin ƙofa a juya.

Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Bauchi, da shi nake ci nake sha. Tsuntsaye kuwa sha'awa ce ta same ni da girmana. Bara da rani na ɗauki hoton wani ɗan tsuntsu baƙi ƙirin, bai fi gwara girma ba, da farin tabo a kafaɗar fiffikensa. Hoton bai yi kyau ba, rabin jikinsa ganye ya rufe. Na nuna wa mafarauta, na nuna wa masu sayar da kanari a kasuwa, kowa da sunan da zai ba ni, har wani ya ce ai duk ƙananan nan tsada ce, in daina wahalar da kaina. Wani abokina da ya yi karatu a Jami'ar Jos ne ya ce in tafi Laminga, can dajin Amurum, akwai mutanen da wannan ne aikinsu.

Na zo ina ɗari-ɗari, ba ni da takardar gabatarwa, ban kuma san kowa ba. Matashin da ya karɓe ni bai yi saurin faɗin suna ba. Tambayoyi ya jero mini: a wace irin bishiya na gan shi, shi kaɗai ne ko da 'yan uwansa, yana zaune ne cak yana jiran ƙwaro ya gifta, ko kuwa yana bin rassa yana leƙa ƙarƙashin ganye? Na ce har rataye na gan shi, kai ƙasa ƙafa sama. Ya yi murmushi, ya ƙara girman hoton a kwamfuta, ya ce, "Malam, duba idon." Ashe idon ruwan ɗorawa ne mai haske, ni da na ɗauka ban taɓa lura ba. Nan ya ce wannan ɗan dangin tsuntsayen da Turawa ke kira tit ne, sunansa a wurin masana Melaniparus guineensis, kuma yana da ɗan uwa mai kama da shi sak wanda idonsa ke da duhu, da can ma jinsi ɗaya ake lissafa su. A kogon bishiya yake sheƙa. Wato hoton da na kusa gogewa saboda muninsa yana ɗauke da shaidar da ake bukata.

Washegari da asuba suka bar ni na bi su wurin sa wa tsuntsaye zobe. Raga ce mai laushi kamar gashi ake kafawa, a ciro tsuntsu a hankali, a auna fiffike da nauyi, a sa masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake shi. A nan na fara ganin wani jan tsuntsun duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Aka kuma ba ni labarin maƙwabcinsa, Vidua maryae, wanda ba ya gina sheƙa, sai ya saka ƙwai a ta jan tsuntsun, namijinsa kuma ya riƙa kwaikwayon kukan jan tsuntsun. Na ce lalle ko a cikin tsuntsaye akwai 'yan cin banza. Amurum daji ne da bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙirga jinsin tsuntsaye sama da 300 a cikinsa.

Abin da ya fi yi mini amfani a sana'ata shi ne gyaran da suka yi wa yadda nake aiki. Na saba da amarya, wadda za ka ce ta tsaya ta tsaya. Ɗan tsuntsun nan ba ya daƙiƙa biyu a reshe ɗaya. Suka ce in bar bin sa, in nemi bishiyar da garken ƙananan tsuntsaye ke ratsawa da safe, in zauna rana na bayana, in saurara kafin in ɗaga kyamara, don kunne kan riga ido gano su. Sauran kuma na gane da kaina: baƙin tsuntsu a gaban farin sama yana ruɗar kyamara, sai ta mayar da shi inuwa, dole ka ƙara haske da hannunka, ka kuma sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa. Wata ɗaliba ta roƙe ni abu guda, kada in matsa kusa da sheƙa don neman hoto, kuma na riƙe.

Kafin in tafi suka sa mini manhajar BirdLasser a waya, suka nuna mini yadda zan riƙa aika abin da na gani ga shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar ke jagoranta. Yanzu duk Asabar ɗin da ba ni da biki ina bayan gari, kuma ƙaramin ɗana ya fara raka ni, ya ma fi ni saurin hango su.

Ina gode wa mutanen Laminga da suka riƙe wannan daji, da direban da ya sauke ni a tasha ya ƙi karɓar ko sisi. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ɗaukaka cibiyar. Na wanke sabon hoton ɗan baƙin tsuntsun, idon ya fito tar, zan kawo muku shi da hannuna bayan damina in Allah Ya kai mu.

Naku,
Mai ɗaukar hoto daga Bauchi